Ni Na Yi Wa Addata Sakiya, Yanzu An Ce Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Assalamu alaikum Hajiya Zinatu. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe, ki amsa mini a wannan makon. Kwana goma sha tara suka rage mini, in suka wuce ko kin amsa ba za ta yi mini amfani ba. Ni ba gwanin rubutu ba ne, in kin ga na zuba magana ba kai ba gindi ki yi haƙuri.

Ni wanzami ne a Azare, kuma gado na yi, kakana ma da zabira aka san shi a ƙasar Katagum. Na gama sakandare, ina karanta filin nan naki, amma aska ce ke ciyar da ni da iyalina. Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, Adda nake ce mata. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi tsaye a kan aurena. Shekarunta arba'in da takwas, tana sana'ar daddawa da yaji a cikin gida. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, zan kira shi Alhaji Zarami, iyayensa daga Yobe suka zo suka zauna a nan. Mutumin kirki ne, bari in faɗa tun yanzu kafin haushinsa ya sa in manta.

Shekara uku ke nan wani ɗan ƙullutu ya fito mata a gaban kunnen hagu, daidai ƙashin muƙamuƙi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba zafi, ba zazzaɓi. Matan unguwa suka ce hangum ne, ita kuwa har dariya take yi, wai ciwon yara ya rasa wanda zai kama sai mai jikoki. Aka shafa shuni, aka shafa ƙasar gidan zanzaro, aka manta da shi. Shi kuwa bai manta da ita ba, yana ta girma a hankali har ya kai ƙwan zabo.

Bara bayan babbar Sallah ta aika aka kira ni. Na je na tarar da mata biyar a tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, har an hura gawayi ana jirana. Na taɓa wurin. Hajiya, wallahi tun a taɓawar farko na san ba aikina ba ne. Tauri gare shi kamar dutse, ba ya motsi a ƙarƙashin fata, kuma babu ɗumi ko kaɗan. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa kumburin da ba ya zafi, ba ya zogi, ba na wanzami ba ne, a bar shi a nemi wanda ya fi ka sani. Na tuna da wannan maganar a lokacin, ba daga baya ba. Amma Adda ta dube ni a gaban matan nan ta ce ai ni na gaji Baba, wa za ta kira in ba ni ba. Sai na ji kunyar in ce ban sani ba. Na sa ƙarfe a wuta ya yi ja, na yi mata sakiya.

Ba mugunya ko ɗigo. Jini ne kawai da wani farin ruwa. Maimakon in tsaya nan, sai na ce wa matan abin ya yi zurfi ne, bai gama nuna ba. Bayan sati biyu na koma na sake. Ko tari Adda ba ta yi ba duk sau biyun, sai salati, kuma da na gama har ƙullin daddawa ta ba ni in kai wa matata.

Wurin bai warke ba har yau. Ramin ya zauna, kuma duk sanda ta sa abinci a baki, musamman mai tsami, sai ruwa ya riƙa tsiyaya daga nan yana bin wuyanta. Wata biyar bayan haka bakinta ya fara karkacewa. In tana kurkure baki wajen alwala ruwan zubowa yake ta gefe. Idon hagu ya daina rufuwa, ko barci take yi a buɗe yake. Aka ce iska ce ta mare ta, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ni ina gefe ina cewa Allah ya sawwaƙe, alhali na san inda na sa ƙarfena.

Da ƙyar na samu Alhaji ya yarda na kai ta asibiti a nan Azare, shi ma da sunan za a duba idon. Likitan bai daɗe a kan idon ba, kunnen ya tsaya yana latsawa, ya rubuta mana takarda zuwa Kano. A can aka sa ta a injin ɗaukar hoto, aka ɗauki ƙirji, aka soka wata siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke ciki aka kai gwaji. Bayan sati uku muka koma mu uku. Alhaji ya roƙi likitan a bar ta a waje, mu maza mu fara ji.

Likitan ya ce ciwon daji ne, a cikin naman da ke haɗa yawu a gaban kunne. Ya ce irinsa ba shi da yawa, shi kansa a shekara bai fi ya ga 'yan kaɗan ba. Wai ba ya gaggawa, amma jijiya yake bi yana rarrafe, shi ya sa ya kashe jijiyar da ke motsa fuska, kuma hanyar da ya ɗauka ta nufi gindin ƙoƙon kai. Ƙirjinta dai har yanzu fes yake. Ya ce sai an yi aiki an cire naman gaba ɗaya, da jijiyar, da fatar da ke kewaye da ramin, sannan a yi mata gashi da inji na kusan sati shida. Fuskar ba za ta dawo yadda take ba, bakinta kuma zai riƙa bushewa. Sai ya nuna ramin a hoto ya tambayi wa ya huda nan. Na yi shiru. Alhaji ya juyo ya dube ni. Likitan bai yi faɗa ba, ya sunkuya ya rubuta wani abu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ba mu ranar da za a yi aikin, ita ce yau saura kwana goma sha tara. Ya ce in ta wuce sai an sake bin layi wata da watanni, kuma ba ya iya cewa a lokacin abin zai ciru.

Daga Kano muka kamo hanyar gida. Da muka iso, Adda ta shige ciki, Alhaji ya tsayar da ni a zaure ya ce: "Shekara biyu abin nan yana kwance bai hana ta komai ba. Ƙarfenka ya taɓa shi sau biyu, ga inda muke. Yanzu kuma kai ne za ka ce in miƙa ta a sa mata wuƙa? Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani, kai ma ka gwada ka gani."

Hajiya, da me zan amsa wannan? Duk wanda na je wa da maganar, ni ake nuna mini a matsayin hujja. Gwaggonninmu haka, abokan kasuwarsa haka. Kuma Alhaji yana da nasa tabon, don mahaifiyarsa dajin nono ta yi, aka yi mata aiki, wata huɗu ta ƙara a duniya cikin wahala. Ya rantse ba zai sake sa hannu a takardar tiyata ba. Ya kuma hana a gaya wa Adda sunan ciwon, wai jin sunan kaɗai zai kashe ta, an ce mata tsiro ne. Ya ce ranar da na buɗe baki, ranar na yi sallama da ƙofar gidansa. 'Yarsu ta fari, Rukayya, tana aure a Gadau, ita ma tsiro aka ce mata.

Yanzu Alhaji ya ɗauko wani mai magani daga wajen Sakwa, yana kwaɓa wani baƙin gari yana liƙa mata. Abin ci yake kamar wuta, ramin ya ƙara faɗi, ya fara wari. Ta daina daddawa don masu saye sun janye. Ta daina zuwa suna da biki. Kullum tana ɗaki da mayafi a rabin fuska, zogin kuma ya fara hawa mata kai.

Shekaranjiya na je gaishe ta da hantsi. Ta sa aka fita, ta ce: "Auta, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Me likitan Kano ya ce?" Na ce ya ce a ci gaba da addu'a. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to Allah ya sa mu dace, ta juya ta fuskanci bango.

Tun dawowarmu ban ɗauki zabira ba. Ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin matan nan biyar, amma duk bai kai wanda nake ji na kaina ba. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ni na jawo mata wannan? Da gaske ne ƙarfe ke tayar da shi, kada in matsa a yi aiki in ƙarasa abin da na fara? In gaya mata a bayan mijinta in raba gida, ko in yi shiru ina kallo ranar ta wuce? Kada ki lallashe ni, na gaji da lallashi.

Naki,
Wanzamin da ya ajiye zabira, Azare.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam Wanzami. Na tsallake wasiƙun da suka riga taka saboda kwanakin nan, kuma kafin ka karanta wannan sun ragu, don haka ba zan yi dogon ta'aziyya ba. Ni ba likita ba ce. Na kai wasiƙarka wurin wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, na ɓoye garinku, abin da zan faɗa a kan ciwon daga bakinsa na ji.

Ka ce kada in lallashe ka, to ga ta. Ƙarfenka bai haifar da dajin ba. Yana nan tun ranar da yake kamar gyaɗa ana shafa masa shuni. Hangum kwanaki yake yi ya tafi, ba ya shekara. Karkacewar bakin ma, likitan ya ce ya fi zaton ciwon ne ya kai ga jijiyar da kansa, tunda sai bayan watanni ta zo. Amma ba zan wanke ka tas ba. Ka huda abin da bai kamata a huda ba, ka buɗe masa hanya zuwa fata, aikin da za a yi ya ƙaru. Mafi muni, kalmar "ban sani ba" da ka ji kunyar faɗa ta ci mata kusan shekara. Wannan naka ne, ka nemi gafarar Allah da tata. Sai dai lura, kunya ce ta rufe maka baki a tsakar gida, ita ce ta rufe maka a gaban likita, ita ce kuma shekaranjiya a ɗakinta. Sau uku ya isa.

Maganar daji ba ya son ƙarfe ba daga sama ta faɗo ba, shi ya sa take da wuyar kashewa. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, a yi aiki a makare, mutum ya rasu, a ce wuƙa ce. Akwai kuma ɗan gaskiya a cikinta, domin tsokanar abin a bar shi a wurin yana da illa, ka gani da idonka. Amma Alhaji ya san gona. Wanda ya sassare kan ciyawar ƙiri-ƙiri ya tafi, da wanda ya haƙa ya tumɓuke saiwar, dukansu da fartanya suka yi aiki, amma ba abu ɗaya suka yi ba. Baƙin garin da ake liƙa mata shi ma tsokana ce, ya fi sakiyarka ɓarna don kullum ake yi. A daina shi yau. Idon nan da ba ya rufuwa kuma a kai shi asibitin Azare a ba ta abin ɗigawa, a nuna muku yadda ake rufe shi, kada a wayi gari shi ma ya tafi.

Kada ka ɗauki aikin a matsayin alkawari. Likitan ya ce irin wannan yana iya dawowa ko bayan shekaru, fuskar ba za ta daidaita ba, gashin kuma yana da wahala. Amma ya ce wanda aka cire masa tun ƙirji yana da tsabta yana iya samun shekaru masu yawa yana harkarsa. In aka bar shi kuwa hanya ɗaya ce, kuma zogin da ya fara hawa kanta somin-taɓi ne.

Alhaji ba maƙiyinta ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan mutum uwarsa ya binne. Ya yi kuskure, amma tsoro da so ne suka sa shi. Matsalar ita ce duk sanda maganar aiki ta fito daga bakinka, ba likita yake ji ba, mai sakiya yake ji yana neman wanke kansa. Saboda haka ka je masa gobe, ba da gardama ba. Ka gaya masa abin da ka gaya mini, cewa tun a taɓawar farko ka san ba aikinka ba ne, kunya ta sa ka yi. Mutumin da ya zo da laifinsa a hannu ya fi wuyar kora. Daga nan ka janye bakinka ka sa na wasu. Ka nemi limamin da yake sallah a bayansa, ka ba shi labari duka, ku roƙi Alhaji ya zauna da likitan Azaren nan ko na rabin awa ne, ya tambaye shi duk abin da ke ransa, har da yadda ciwon mahaifiyarsa ya bambanta da wannan. Rukayya kuma ba yarinya ba ce, uwarta ce a kwance, a kira ta daga Gadau. Abin da uba zai ƙi ji daga suruki yakan ji shi daga 'yarsa.

Ka ba wannan kwana uku, kada ka ƙara. In ya sauko, alhamdu lillahi, ku shiga wurinta tare. In ya ƙi, ka dube shi cikin ladabi ka ce masa za ka gaya mata, ka faɗi ranar. Kada ka yi a bayansa, kada kuma ka fasa. Jikin nata ne, ran nata ne. A ƙa'idar asibiti baligi mai hankali shi ke sa hannu a kan aikinsa, sa hannun miji girmamawa ce da muka saba da ita. Kuma kada ku ruɗi kanku, matar da ta kori mutane daga ɗaki kafin ta yi tambaya ta riga ta san ba tsiro ba ne. Abin da kuka ɓoye mata ba ciwon ba ne, labarin cewa akwai rana da aka ba ta kuka ɓoye. In za ka gaya mata, Rukayya ta kasance a wurin, ka faɗa a hankali, ka haɗa da naka laifin, sannan ku kai ta ta ji sauran daga bakin likita.

Ka shirya wa abu ɗaya. Tana iya jin komai ta ce ba ta so. In ta faɗi haka bayan ta fahimta, ba ka da ikon jan ta, kamar yadda Alhaji ba shi da ikon hana ta. Sai ku koma neman maganin zogi da wankin ciwo a asibiti, ku zauna kusa da ita. Wannan ma jinya ce.

Zabirarka kuma ka ɗauka, iyalinka ba su yi laifi ba. Amma ka bi 'yan'uwanka wanzamai ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu, duk ƙullutun da ya wuce sati uku a gaban kunne, ko ƙarƙashin haɓa, ko cikin baki, musamman marar zafi, asibiti za a tura shi. Daga bakinka za su fi yarda fiye da daga nawa.

Mai yiwuwa Alhaji ya cika maganarsa ya rufe maka ƙofa. Fushin suruki yana hucewa, wata Sallah ko wani suna zai buɗe ta. In ka yi shiru kuwa ƙofar za ta zauna maka a buɗe, ka yi ta shiga kana fita, har ranar da za a kira ka ka kama makara. Ka zaɓi wadda za ka iya rayuwa da ita.

Allah ya ba Adda lafiya, ya sa kaffara ne, ya sanyaya zuciyar Alhaji, kai kuma ya yafe maka ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Taku,
Hajiya Zinatu.